Ɗakin Gwangwani

Duk wanda ya koyar a firamare a shekarun farko na UPE ya san lokacin neman inuwa ne, ba na neman ɗakin zane ba. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar makaranta kyauta ga kowane ɗa, aka ƙiyasta yara miliyan 2.3 ne za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. A garuruwa da yawa gindin darbejiya ne ya zama aji, a jingina allo da kututture, malami yana magana iska tana kwashe rabinta. A cikin wannan hali ne, a 1978, aka tura ni wata makaranta a wani gari na ƙasar Zazzau, ina sabon malami, takardata ta Gireti Tu ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ƙuruciya kuwa ba ta san babu ba, don haka na ƙudura a raina sai makarantar nan ta yi ɗaki guda na zane da aikin hannu.

Ba da ka na ɗauko abin ba. A kwalejin horon malamai mun yi wani malamin zane da ya yi karatu a Samaru, wanda ba ya gajiya da ba mu labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka ce ba za su ƙare rayuwarsu wajen kwaikwayon hannun Turawa ba alhali iyayensu na da nasu zanen. Shi ne kuma ya fara gaya mana cewa makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu tun farko. Ga kuma FESTAC da aka gama a farkon 1977, har aka yi gagarumin hawan daba a Kaduna, kowa bakinsa al'ada, al'ada. Sabon tsarin ilimi na ƙasa da ya fito a shekarar ma ya sa zane da sana'ar hannu cikin darussan firamare. A takarda dai komai ya yi daidai. A jadawalin makarantarmu kuwa, aikin hannu yana can ƙarshen ranar Alhamis, kuma abin da ake yi a lokacinsa shi ne sharar fili da tsintar leda da karan rake.

Hedimastanmu dattijo ne na zamanin En'e, mai farar hula da biro uku a aljihu. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, yarana na zaune a ƙasa, kai kana neman ɗakin da za su yi wasa da laka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin da nake nema ko akuya ba za ta yarda ta kwana ciki ba." Ya gane wanda nake nufi, ya yi dariya, ya zaro makulli daga cikin durowa ya miƙo mini. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in zo masa da maganar kuɗi.

Sito ne a bayan ofishinsa, inda ake jibge karyayyun bencina da tsofaffin rajista. Jemagu sun mallaki silin, gara ta yi gini har rabin bango, simintin ƙasa ya farfashe. Ni da Baba maigadi, wani tsohon soja da ya je yaƙin Bama, da manyan yaran aji shida muka kwashe tarkacen. Baba ne ya hana ni zubar da bencinan. "Ɗana," in ji shi, "benci mai ƙafa uku, in ka haɗa shi da ɗan'uwansa mai ƙafa uku, ka samu tebur har da ƙafa biyu na ajiya." Da hamarsa da ƙusoshin da muka zare muka miƙar, haka muka samu dogayen tebura biyu da kanta mai hawa huɗu. Aka toshe ramuka da ƙasa da makuba, aka shafe bango da farar ƙasa, sai ɗaki ya yi haske har ya ba ni mamaki.

Tsarin ɗakin ya fi gyaransa cin lokaci, kuma a nan ne aikin yake. Tagogi biyu ne, duk suna kallon arewa, wanda daga baya na fahimci babban rabo ne, domin rana ba ta faɗowa kan takarda ta kashe wa yaro ido, hasken yana nan daidai daga safe har azahar. Na raba ɗakin gida biyu ba tare da gina komai ba: ɓangaren jiƙe da ɓangaren bushe. Duk abin da ya shafi ruwa, wato kala da yumɓu da sitaci, yana kusa da ƙofa, inda randa take da moɗarta da bokitai biyu, ɗaya na wankin farko ɗaya na ɗauraya. Takarda da kaba da zare da kara suna can ƙurya, nesa da randar. Dalilin mai sauƙi ne. Yaro ɗan shekara 8 in ya ɗauko ruwa, sai ya zubar da rabi kafin ya kai inda za shi, saboda haka sai ka gajarta masa tafiyar. Teburan na jingina su da bangon tagogi, tsakiyar ɗaki na bar ta fili aka shimfiɗa tabarmi, don na lura yaranmu sun fi sakewa a ƙasa. Wanda ya saba riƙe allo a cinya tun yana ɗan shekara 4, in ka ɗora shi a benci ka ce ya yi zane, hannunsa sai ya sandare. Daga bango zuwa bango kuma aka ɗaura igiyoyi biyu sama da kan yara, na shanyar aiki, da tsinkayen kara da aka tsaga a maimakon maƙalan shanya.

Kantar nan ta ba ni darasi. Na jera kayan yadda ya yi wa idona daidai, ni mai tsawo, sai ya zama komai sai an kira Malam ya miƙo. Wata rana na fita zuwa ofis, na dawo na tarar da 'yan mata uku na aji biyar sun sauke komai sun sake jerawa kamar yadda iyayensu mata ke jeren kwalla a ɗakin amarya: manyan gwangwanaye a ƙasa, matsakaita a kansu, ƙanana a gaba, ja wajen ja, baƙi wajen baƙi, abin da ake ɗauka kullum daidai ƙirjin ƙaramin yaro, reza da almakashi can sama inda sai babba. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na ɗauko tawada kawai na zagaye gindin kowane gwangwani a jikin katakon, ta yadda in an ɗauke shi za a ga da'irarsa tana jira. Daga ranar, ko ban ƙirga ba, kallo ɗaya ya ishe ni sanin abin da bai dawo ba.

Gwangwanayen su ne suka ba ɗakin suna. Kowane yaro na ce ya kawo ɗaya, kafin mako ya zagayo mai shayin bakin tasha ya fara ƙorafi wai ba ya ajiye gwangwanin madara ya juya ya same shi. Na Peak su ne na zuba kala, na Bournvita masu murfi su ne na ajiyar gari, na tumatir kuwa na wankin buroshi. Sai an daddanne bakin kowanne da dutse kafin ya shiga ɗaki, saboda yankan gwangwani ba wasa ba ne. Malamai suka riƙa cewa ɗakin gwangwani don zolaya, yara suka ɗauka da gaske, har iyaye a gari suka san shi da haka.

Kala ita ce abin da kowa ya ce zai gagare ni, domin akwatin kalar ruwa na kanti sai a Sabon Gari, kuma guda ɗaya ba ya isar yara biyar. Sai dai garin da ke da marina da dukawa da malaman allo ai ba a ce ba shi da kala. Baƙi shi ne mafi sauƙi, kowane almajiri ya san shi: gawayi ko baƙin gindin tukunya, a niƙe shi lukui, a haɗa da ruwan ƙaro. Ja muka samo wajen dukawa, karan dafin nan da suke rina fata da shi, a jiƙa shi a ruwan kanwa ya saki jini-jini. Rawaya daga saiwar rawaya, ko gangamau in an samu a kasuwa. Shuɗi mai duhu daga karofi, inda wani marini ya riƙa ba mu ɗan shuni a ƙoƙo, mai haske kuma bular wanki ce ta kwabo biyu. Fari daga farar ƙasa da guntayen allin da malamai suka yar. Jar ƙasa daga bakin kududdufi, a tankaɗe ta da rariya sau biyu, ta ba da launin bangon gidajenmu sak. Goron da ya bushe, wanda mai goro zai zubar, in aka daka aka jiƙa, sai ya ba da ruwan goro na ainihi. Sirrin duka yana ga ƙaro. In babu shi, kala na bushewa sai ta kakkaɓe ta bar takarda, in ya yi yawa kuma ta tsattsage. Yawan da ya dace, da yatsa ake gane shi, ya ɗan yi danƙo tsakanin babban yatsa da manuni amma bai ja zare ba. Matsalar ƙaro ɗaya ce, yara na cinye shi, don haka shi ma ya koma hawa na huɗu wajen reza.

Ranar da ba na mantawa ita ce ta zoɓo. Mun jiƙa shi ya yi ja wur, wata yarinya ta tsoma buroshin da ta taɓa ruwan kanwa da shi, nan take jan ya juye ya koma wani shuɗi-shuɗi mai ratsin kore. Ta saki buroshin ta ja da baya tana salati. Ajin duka suka taru a kanta. Aka sake gwadawa, ya sake juyawa. Wani ya ruga gida ya kawo lemon tsami, aka matsa, jan ya dawo. Abin da ɗaliban sakandare ke haddacewa a darasin kimiyya ba su taɓa gani ba, yaran aji huɗu sun gan shi da idonsu a gwangwanin madara, suka kuma shafe mako guda suna tsoma duk abin da suka samu a ruwan zoɓo. Amma a matsayin kala, zoɓo maƙaryaci ne, wata ɗaya a bango ya koɗe.

Buroshi kuwa iri biyu muka yi. Na talaka shi ne reshen darbejiya da aka tauna bakinsa ya yi laushi, kuma kallon fuskokin yara arba'in suna tauna ɗacin nan lokaci guda ya isa nishaɗin mako. Na sarauta shi ne gashin wutsiyar akuya daga mahauta, a ɗaure shi da zare, a cusa cikin bututun gashin agwagwa, a sa masa ƙota ta kara. Waɗannan ba su da yawa, sai wanda ya nuna ya iya wanke na darbejiya ake ba shi. Layi siriri kuma ba abin da ya kai alƙalamin kara, wanda kusan kowane yaro ya iya feƙewa tun daga makarantar allo.

Takarda ma gine-ginen UPE ɗin ne suka ba mu ita. Ko'ina ana gina azuzuwa, ko'ina buhunan siminti, kuma na lokacin na takarda ne mai ninki-ninki. A yar da na waje mai rubutu da na ciki mai ƙura, na tsakiya fes yake, mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, yana karɓar fari da baƙi fiye da farar takardar kanti. Muna goge shi da dutsen guga na gawayi, mu yanka, mu danne da bulo a kan kanta. Tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da Hedimasta ya gama karantawa kuwa, su ake yayyagawa a jiƙa a daka a turmi, a kwaɓa da sitacin rogo, a mulmula ƙwarya da taswirar Nijeriya mai tuddai da koguna. Na taɓa kama wani yaro ya ɓuya bayan turmi yana karanta guntun labari kafin a daka shi, na ƙyale shi.

Yara arba'in da wani abu a ɗaki ɗaya da ruwa da laka, in babu shugabanci, yaƙi ne. Kalmar monita ba ta burge kowa, sai na yi naɗin sarauta. Akwai Sarkin Ruwa mai cika randa, shi kaɗai ke taɓa moɗa. Akwai Sarkin Tawada, akwai Magajiyar Kanta, akwai Ma'aji mai ƙirga almakashi, akwai Sarkin Shara da dakarunsa. Duk wata ake sabon naɗi, da rawanin tsumma da guɗa. Abin dariya, sarautar shara da nake tsoron kowa zai guje mata ita ce aka fi nema, saboda mai ita ne ke buga gwangwani minti goma kafin ƙararrawa, kuma da ya buga ko Malam sai ya ajiye abin hannunsa. Waɗannan mintoci goma na ƙarshe ban taɓa yarda an taɓa su ba. A ganina rabin abin da yara suka koya a ɗakin nan a cikinsu suka koye shi: ka wanke abin da ka ɓata, ka mayar da abin da ka ɗauka, ka bar wa ajin da ke tafe wuri yadda kake so ka same shi.

Ba a rasa cikas ba. Wata safiya wani malamin tsangaya, mutum mai kwarjini da ake jin maganarsa a gari, ya zo makaranta riƙe da dokin yumɓu da mahayinsa, wanda ɗansa ya kai gida. Ya ajiye shi a teburin Hedimasta ya ce, "Wannan ne karatun?" Aka kira ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, in an yarda a zo a ga ɗakin tukuna." Ya shiga ya daɗe bai ce komai ba. Ya ɗauki gwangwanin baƙi ya shinshina, ya ɗiga a farcensa, ya ce ƙaronmu ya yi kaɗan, gawayinmu kuma bai niƙu ba. Sa'an nan ya gaya mini matsayinsa a fili: ba ya son ɗansa ya riƙa sura abu mai rai, balle mai jiki da inuwa. Na ce na ji, kuma ban ga abin jayayya ba, domin abin zanawa bai ƙare ba. Ga dagi, ga aska takwas da ke ƙirjin rigarsa, ga zanen da magina ke yi a fuskar zaure, ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na birnin Zariya tun ƙarni na 19, ga zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Da na ambaci zayyana sai fuskarsa ta saki. Bayan mako biyu ya aiko babban almajirinsa da allo da kamfas na ƙarfe, ya zauna a tabarma ya nuna wa yara yadda ake raba da'ira gida shida, a fitar da fure daga cikinta, a cike da ja da rawaya ba tare da wata ta shiga gonar wata ba. Ban hana sauran yara zana rakumi da zakara a takarda ba, ban kuma tilasta wa kowa ba. Abin da na lura da shi dai shi ne, waɗanda suka fara da zayyana da dagi sun fi sauran nutsuwar hannu, kuma lissafin siffofi bai taɓa ba su wuya ba a aji shida.

Wannan ziyara ce ta buɗe mini ido na riƙa gayyato masu sana'a. Baduku ya zo da tsinkensa, mai sassaƙar ƙwarya ta zo da wuƙaƙenta da take ɗorawa a wuta. Wadda ta fi daɗewa tare da mu ita ce wata tsohuwa mai ginin tukwane, muna ce mata Inna. Ita ta sa muka haƙa rami a bayan ɗaki, muka zuba yumɓu muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, ta ce yumɓun da bai kwana ba ba ya jin magana. Ita ta nuna mana a daka tsingaro a haɗa don kada abu ya fashe a wuta. Takan kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a kai tana bubbugawa, kafin ka ankara gindin sabuwa ya fito. Na ba ta labarin Ladi Kwali, Bagwariyar nan da ta shiga cibiyar tukwanen da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta zaga Ingila da Amurka tana nuna gini, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Inna ta saurara ta ce, "To, ita tukunyar tata tana sanyaya ruwa?" Yau ga hoton Ladi Kwali a bayan naira 20, duk sanda ta shigo hannuna tambayar Inna nake tunawa. Ranar gasa kayan yumɓu kuwa biki ce. A jera kayan a fili, a lulluɓe da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu, a cinna wuta da la'asar, washegari da sassafe yara na tone toka kowa na neman nasa, wani na murna wani na kuka.

Kowane lokaci na shekara da irin ta'adinsa. Hunturu yana busar da kala a bakin buroshi, ya tsaga yumɓu in ba a rufe ba. Damina tana sa sitaci ya yi tsami, takarda ta yi funfuna. Gara ba ta da lokaci, kullum nata ne, sai da muka tsoma ƙafafun kanta a gwangwanayen baƙin mai. Ɓeraye kuwa sun taɓa cinye jihar Sakkwato ɗungurungum daga taswirarmu a dare ɗaya.

Mai duba makarantu ya zo sau ɗaya ina nan. Ya nemi littafin tsara darasi, ya tambayi dalilin da ya sa yara ba su da littafin zane na kanti, ya rubuta wani abu mai tsawo. Da zai tafi ya tambaya ko wani faifai mai dagi da ya gani na sayarwa ne, aka ba shi kyauta.

Akwai wani yaro bahago da ya maimaita aji uku, wanda malamai suka haƙura da shi. Baƙaƙe ba sa zama a kansa, in ya rubuta suna sai ka juya takardar kana neman ta inda za ka fara. An sha dukan hannun nan na hagu a gida da makaranta. A ɗakin gwangwani ban ce masa ya sauya hannu ba, wuri kawai na ba shi a ƙarshen tebur ta hagu don kada gwiwarsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. Ya ƙera motar kara wadda har yau ban ga irinta ba: babbar roka ce mai bodin katako, ƙofofinta na buɗewa, tayoyinta na tsohon silifa, sitiyarinta dogon sille ne da yake juya tayoyin gaba da gaske, ga kwandasta a maƙale a baya. Ya zana mata furanni da dawisu a jiki irin na motocin da ke tsayawa a tasha. Hedimasta da kansa ya ɗauke ta ya zaga da ita azuzuwa. Bahagon nan na damƙa wa makullin ɗakin, ya rataya shi a wuya da zare, kuma yaron da a da sai an je an kamo shi daga tasha ya zama yana riga Baba maigadi buɗe ido.

Ɗakin bai yi tsawon rai ba. Kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, gine-gine suka tsaya, albashi ya fara makara, yara kuwa ba su daina ƙaruwa ba. Aka wayi gari ana bukatar ɗakin don rabin aji biyu da ke zaune a rana. Ban yi musu ba, da wane baki? Muka kwashe gwangwanaye muka zuba a kwali, ba a jima ba aka yi mini canjin wurin aiki. Abin da ya fi ɓata mini rai ya zo ne daga baya, kuma ba a makaranta ɗaya ba. Aikin hannu ya koma kowane yaro ya kawo tsintsiya ko mafici a ƙarshen zango, wanda uwarsa ce ta saya a kasuwa, a ba shi maki. Daga nan aka ga ma wahalar tsintsiyar ta yi yawa, aka ce a kawo kuɗinta. Yanzu jikata tana da darasin fasaha da al'adu, da littafi mai sheƙi da jarrabawa ta zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ta haddace cewa shuɗi da rawaya ke ba da kore, ta ci maki cikakke. Da na kwaɓa mata bula da gangamau a murfin kwalba koren ya fito, sai ta ce, "Kaka, ashe da gaske ne?"

Bahagon nan yana nan da ransa, ya yi furfura shi ma. Fentin manyan motoci yake yi a wani gareji a hanyar Kano, da yara shida a ƙarƙashinsa, direbobi na bin layi don dawisunsa. Da na yi ritaya na buɗe ɗan shagon littattafai da kayan makaranta a ƙofar gida, sai ga shi da allon sanarwa a bayan babur, ya sha furanni da dagi a kowace kusurwa, ya rantse ba zai karɓi ko kuɗin fenti ba. Muka kafa shi, na ja baya ina karantawa, sai na ga LITTATAFAI, ya cinye T guda. Na nuna masa. Ya leƙa, ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, in na ƙara ta, furen nan na gefe sai ya matse." Na ce ya matse ɗin, shagon tsohon malami ne, garin nan ba za su bar ni in sha ruwa ba. Ya koma ya ɗauko gwangwaninsa yana gunaguni.